Babbar jijiyar cikina ta kai santimita 5.1, in jira ko a yi aikin yanzu?

Ɗan fansho daga Mabera:

Assalamu alaikum. Shekaruna 62, na yi ritaya daga aikin gwamnati, ina zaune a Mabera da iyalina. Magana ce na daɗe ina juyawa ni kaɗai, yau na ga gara in fito da ita, ko Allah zai sa a samu wanda ya bi wannan hanya kafin ni.

Shekara biyu da rabi da suka wuce fitsari ya riƙa tayar da ni sau huɗu sau biyar cikin dare, sai aka tura ni hoton ciki a duba mafitsara da ƙoda. Yaron da ke riƙe da na'urar ya tsaya a saman cibiyata ya daɗe, alhali ba can ne kukana ba. Ya fita ya kira babbansa. A nan aka gaya mini cewa babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangaro ta cikin ciki, wadda suke kira ayota, ta kumbura a ƙasan ƙodoji. Faɗinta a mutum mai lafiya wajen santimita 2 ne, tawa ta kai 4.2. Ba ta taɓa yi mini ciwo ba, har yau ɗin nan. In na kwanta rigingine na ɗora hannu a cibiya ina jin abu yana bugawa, da can na ɗauka kowa ma haka yake.

Na sha taba shekara 28, na bar ta shekara 9 ke nan. Ina da hawan jini, ina shan magani kullum da safe. Likita ya ce waɗannan biyun da shekaru su ne manyan abin da ke raunana bangon jijiyar.

Bayan shekara ɗaya aka sake awo, 4.5. Bayan wata shekarar, 4.8. Watan jiya aka yi mini siti sikan, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura a sa masa ruwan allura, takarda ta fito da 5.1. Wata shida kacal tsakaninsa da awon baya. Likitan da ke duba ni ya ce ƙa'ida ba a taɓa ta sai ta kai 5.5, ko ta ƙaru da santimita guda cikin shekara, ko ta fara ciwo. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa ranar da lokaci ya yi, tura ni zai yi wani babban asibiti a wajen jihar.

To a nan hankalina ya kasa kwanciya. Wanda ya yanke wannan 5.5 ɗin, ina jin mutanen da asibitin aikin ke bayan gidansu ya duba. Ni daga Sakkwato zuwa Abuja wuni guda ne a mota, in hanya ta yi kyau ke nan. In abin nan ya fashe da ƙarfe biyun dare a Mabera, wa zai kai ni ina? Tsakanin 5.1 da 5.5 bai kai faɗin ƙwayar wake ba. A kan wannan ɗan taƙin ake cewa in zauna.

Sai maganar kuɗi. An biya ni wani kaso na giratuti, yana nan ban taɓa ba, amma kullum darajarsa raguwa take. Ina da fadama a Kwalkwalawa inda nake albasa da rani, akwai mai so, ya zo sau biyu. Ɗiyata ta uku za a ɗaura mata aure bayan babbar salla. Ga ɗan abin da nake tarawa na aikin Hajji tun ina aiki, ban taɓa sauke farali ba. In na jira shekara guda, ban san abin da zai rage a hannuna ba ranar da za a ce to yau ne.

Gida ya rabu biyu. Babban ɗana ya ce a sayar da fadamar a yi aikin yanzu da sauran ƙarfina. Yayana ya ce bai yarda a kwantar da mutum mai tafiya da ƙafarsa a tsaga shi ba, mun ga waɗanda suka shiga ɗakin tiyata da ƙafarsu aka fito da su a makara. Uwargida ba ta cewa komai, sai dai na lura in na yi jinkirin dawowa daga masallaci da asuba tana tsaye a zaure. Mahaifiyata tana da rai, ta haura 80, ban gaya mata ba.

Zaman da nake yi yanzu zaman ɗar-ɗar ne. Na daina ɗaga buhu, na daina jan igiyar injin ban-ruwa, yara nake kira. Ko bayana ya ɗan riƙe don na daɗe a zaune, sai in yi tsit ina sauraron jikina. Na san rai na hannun Allah, ban kuma yi shakkar haka ba ko sau ɗaya. Amma an ba ni zaɓi, kuma za a tambaye ni yadda na yi da iyalin nan. Wanda aka yi wa aikin, ko likita, ko wanda ya yi jinyar mai irin wannan, don Allah ya gaya mini abin da ya sani.

Uwar Biyu, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ina karantawa ina hawaye, don abin da ya ɗauke mahaifinmu ke nan, mu kuwa ba mu ma san yana ɗauke da shi ba. A ƙauyenmu ne can wajen Gwadabawa. Bayan magariba ya ce bayansa ya tsage, gumi ya rufe shi, ya ce a kwantar da shi. Aka kira mai allura ya yi masa ta kashe ciwo, aka ce sanyi ne ya kama ƙugunsa. Sai da ya suma sannan aka nemo mota. Bai iso gari da rai ba. Daga baya wani likita ɗan'uwan mijina da ya ji yadda abin ya faru, da kuma wani tsohon hoton ciki da muka samu cikin takardunsa, ya ce kusan tabbas jijiyar ce. A jikin takardar an rubuta, ba wanda ya karanta mana, shi ma bai koma ba.

Ni dai Baba in da za a dawo mini da mahaifina a ce in sayar da duk abin da muka mallaka, wallahi ba zan kwana ina tunani ba. Fadama ana sake saye. Kai Allah ya nuna maka tun da wuri, kada ka yi wasa da wannan. Kuma don Allah ka gaya wa Inna. In ta ji daga bakin wani, zafin zai fi.

Likita, ɗan Arkilla:

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni likita ne amma ban duba ka ba, ban ga hotonka ba, don haka ka ɗauki maganata a matsayin abin da za ka tafi da shi wurin masu duba ka.

Bari in fara da 5.1 ɗin da ya tayar maka da hankali. Awo ukun farko da sikanin na hannu aka yi, na huɗun da siti. Waɗannan na'urori biyu ba sa ba da lamba ɗaya, siti yakan fi da 'yan milimita, ko a rana ɗaya aka yi su. Kai ko sikanin ɗin ma, mutum biyu za su auna jijiya ɗaya a samu bambancin milimita biyu ko uku. Saboda haka ba lallai ne ta yi tsalle cikin wata shida ba. Daga 4.2 zuwa 4.5 zuwa 4.8, milimita uku ke nan a shekara, kuma wannan ita ce irin tafiyar da aka saba gani. Ka koma wurin da aka yi maka awon baya, in da hali hannun da ya yi, a sake. Daga yanzu kuma kada ka bari a kai shekara. A Ingila, in ta kai 4.5 duk wata uku suke aunawa.

Ita 5.5 ba da ka aka yanke ta ba. A 1998 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Birtaniya, mutum 1,090 masu kumburi tsakanin 4.0 da 5.5. Aka raba su, wasu aka yi musu aiki nan da nan, wasu aka riƙa auna su ana jira. Waɗanda aka gaggauta wa aikin ba su fi sauran tsawon rai ba. Dalili kuwa, a wannan girman fashewa cikin shekara wajen mutum 1 ne cikin 100, shi kuwa aikin tsaga ciki a binciken nan ya tafi da kusan 6 cikin 100 a watan farko. An sake irinsa a Amurka, aka fitar a 2002, aka samu abu ɗaya. Don haka maganar yayanka tana da tushe. Ga mata akan sauko da lambar zuwa 5.0, don tasu jijiyar ta fi ƙanƙanta tun asali.

Amma damuwarka ta nisa gaskiya ce, ba zan rufe ta ba. Sai dai ka san wani abu mai ɗaci: ko a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa cikin mintoci, wajen 8 cikin 10 na waɗanda tasu ta fashe ba sa tsira. Kusa da asibiti ba ya ceton mafi yawansu. Abin da ke ceto shi ne a yi aikin a tsanake kafin ranar. Inda nisa ke cutar da mu shi ne wajen shiri. Can in ta kai 5.5 cikin makonni kaɗan an gama. Nan kuwa sai a lokacin mutum zai fara neman likita, neman kuɗi, neman jini. Shi ya sa nake ganin kada ka jira 5.5 kafin ka ga likitan tiyatar jijiyoyin jini. Ka je yanzu da faifan sitin, ba takardar sakamako kaɗai ba. Shi zai dubi siffar kumburin, da tazarar da ke tsakaninsa da jijiyoyin ƙoda, da ƙarfin zuciyarka da huhunka bayan shekara 28 na taba. Ka gaya masa inda kake zaune da halin aljihunka ƙarara. Akwai siffar da ake yi wa aiki tun ba ta kai lambar ba, kuma shi ke da hurumin cewa taka tana ciki ko ba ta ciki.

Aikin iri biyu ne. Akwai na tsaga ciki a ɗinka bututun roba a madadin wurin da ya kumbura. Yana da nauyi, jinya mako guda ko fiye a asibiti, watanni kafin ƙarfi ya dawo, amma in an warke yawanci an gama. Akwai kuma wanda ake bi ta jijiyar gindin cinya a zura bututu mai ragar ƙarfe a buɗe shi daga ciki, ba a tsaga ciki. A wani binciken Birtaniya na 2004, mutuwa a watan farko ba ta kai 2 cikin 100 ba a wannan, a na tsagawa kuwa ta kusa 5. Sai dai wannan ratar tana shafewa bayan shekaru, don bututun kan yi yoyo ko ya gusa, dole a riƙa hoto har ƙarshen rayuwa, wani lokaci a sake shiga a gyara. Ga mai shekara 62 da ke zaune nesa da inda aka yi masa, wannan abin a auna ne sosai. Kada sauƙin kwana biyu a asibiti kaɗai ya ja ka.

Kafin nan, ka riƙe maganin hawan jini kamar salla, ka sayi na'urar awo ka ajiye a gida. Ka tambayi likitanka maganin rage kitsen jini in ba ka sha. Tafiyar ƙafa tana da kyau, kada ka mayar da kanka majinyaci, nauyi mai sa yunƙuri ne kawai za ka guje wa. Sannan sipro, wanda ake saya a kemis da an ce taifot: a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shi da danginsa suna ƙara haɗarin tsagewar wannan jijiya ga masu kumburi. Duk wanda zai rubuta maka magani ka gaya masa abin da kake ɗauke da shi. Shi kumburin jijiyar yana bin jini kuma, yayanka da ƙannenka maza su je a ɗora musu sikanin, minti goma ne.

In ciwo mai tsanani ya sauko maka farat ɗaya a ciki ko baya ko kwiɓi, ko jiri da gumi, ba mai allura ba, ba a jira gari ya waye ba. Asibitin koyarwa kai tsaye, a faɗi sunan ciwon tun daga ƙofa.

Dillalin albasa, Kasuwar Kara:

Malam, Allah shi ba ka lahiya. Ni anka yi ma wanga aiki, shekara huɗu ke nan, ga ni ina rubuto maka daga rumfa. Tawa 4.9 anka gane ta, na yi shekara biyu da wani abu ina jira, awa yadda kake yi yanzu. Na san wanga sauraren jiki da ka faɗi. Har mota na daina shiga gaba don tsoron rami.

Kuskuren da niy yi ɗaya na. Da anka ce in jira, sai na zauna, ban shirya komi ba. Ran da awo ya nuna 5.7, fasfo ɗina ya mutu, kuɗina na cikin albasa a rumbu ba ta yi tsada ba, ban san ko likita ɗaya ba. Daga rannan zuwa randa anka kwantar da ni a Alƙahira mako bakwai munka yi. Waɗannan mako bakwai sun fi shekara biyun wuya. Albasar da kaina na karya ta, rabin kuɗi anka saye, don mai saye ya ga idona.

Na tsagawa anka yi min, sunka ce siffar tawa ba ta karɓar na cinya. Daga ƙasan ƙirji har mara. Kwana biyu ɗakin kulawa ta musamman, kwana tara asibiti. Ba ni ɓoye maka, akwai wuya. Tari ma sai ka rungume matashi. Abinci ya fita raina fiye da wata guda, fura kaɗai ke shiga. Salla a kujera na yi ta wata biyu. Ban koma kasuwa ba sai bayan wata ukku, shi ma zama kawai. Amma daren farko da na kwanta na ɗora hannu ban ji wanga bugu ba, na yi barcin da na manta irinshi.

Fadama kar ka sayar da gaggawa. Ka zauna da yayanka da ɗiyanka ku yanke farashi tun yanzu, ku san wa za a kira. Ka sabunta takardunka ko da cikin ƙasa za a yi. Ka san rukunin jininka da waɗanda za su ba ka. Auren ɗiya kuwa a yi shi daidai ƙarfi, ba wanda zai zarge ka. Hajji na je bayan aikin da shekara biyu, na yi ɗawafi da ƙafata.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya ba Baba lafiya. Akwai wani mai maganin gargajiya da na ji ana cewa yana sassabe kumburin ciki da jiƙo da matsa, ko za a gwada kafin a kai ga wuƙa?

Likita, ɗan Arkilla:

Ɗan'uwa na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan kam a'a. Ba ƙari ba ne, ba iska ba ce, bangon jijiya ne ya saki ya buɗe, kuma har yau ba a samu maganin sha da ke mayar da shi ba, na asibiti ko na gida. Kada Baba ya bari kowa ya danna masa ciki ko ya murza. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba kuma yana iya taɓa ƙoda, ita kuwa ƙoda ana buƙatarta lafiya lau ranar aiki.

Ɗan fansho daga Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. 'Yata ta Runjin Sambo, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa Aljanna ce makomarsa. Maganarki ce ta sa jiya bayan la'asar na je na zauna gaban tsohuwa na gaya mata. Ta yi shiru, ta ce in matso, ta ɗora hannunta a cikina ta daɗe tana addu'a. Sai ta ce ai ƙanen mahaifina ma ciwon baya na dare ɗaya ne ya ɗauke shi, ina yaro lokacin. Ban taɓa jin wannan ba sai jiya. Na gaya wa yayana, ya yarda ranar Litinin mu tafi tare da ƙanenmu a duba su.

Likita, na duba kwandon magungunan gida na samu sipro, kuma na tuna bara sau biyu na sha shi da zazzaɓi ya kama ni lokacin zafi. Na fitar da shi. Na rubuta sunan ciwon da rukunin jinina a takarda na sa a aljihun gaba, na ba uwargida da babban ɗana kowa kwafi, mun kuma yi magana da maƙwabcina mai mota ko da dare ne. Na karɓo faifan sitin. Zan koma a sake awon da na'urar farko, sannan in nemi takardar turawa in je in ga likitan jijiyar kafin hidimar biki ta taso. Na yi istihara. In ya ce a jira, zan jira ina aunawa duk wata uku. In ya ce siffar tawa ba ta jira ba ce, fadamar ta tafi. Har yanzu ina farkawa cikin dare, ba zan ce tsoron ya tafi ba.

Alhaji na Kasuwar Kara, in ba damuwa zan so in zo rumfarka mu zauna. Ina son in ji leda nawa na jini aka nema, da wanda ya yi jinyarka, don uwargida ba ta taɓa fita Sakkwato ta kwana ba, ban san ko ita zan ɗauka ko yaron ba.